Hannun Tasalla

Ni maƙwabciyarsu ce. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a wata 'yar ruga da ke gindin duwatsun Roni, don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Zamanin Turawa ne, damina ta yi tsakiya, ƙuda ya yi yawa, turken shanu duk ya koma taɓo. A wannan daminar ce Malam Lauwali ya je kasuwar Babura ya dawo da wata farar saniya doguwa, yana tafe yana hura hanci kamar shi ya halicce ta. Tun daga bakin ruga yake kiran mutane su zo su ga hantsa. Hantsa kam akwai ta, har tana neman taɓa ƙasa. Sunan da aka sa mata Ta-Babura.

Mutum huɗu ne manya a gidan. Akwai Lauwali da matarsa Shatu, akwai mahaifiyarsa Inna Uwa, wadda ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Maigida. Ta huɗun ita ce Tasalla, matar ƙanensa Hamma da ya rasu. Ta gama takaba ba ta da inda za ta, aka ce ta zauna, ai gidanta ne. Abin da "gidanta ne" yake nufi shi ne daka da ɗebo ruwa da tatsar shanu tara, har da sabuwar, safe da yamma. A cikin taran nan guda ɗaya ce tata, wata baƙar saniya mai gajerun ƙafafu da Hamma ya ba ta sadaki, ana ce mata Gajera. Madarar Gajera kaɗai Tasalla ke da iko da ita. Da ita take yin nonon da take kaiwa kasuwar Roni, a nan take samun sabulu da gishiri da zanen da za ta rufe jikinta. In ka cire Gajera, Tasalla ba ta mallaki ko allura ba a duniya.

Gidan suna da ƙa'idarsu ta tatsa, wadda suke riƙe da ita fiye da yadda suke riƙe da sallah. Ana farawa da saniyar maigida, sannan shanun Inna, sannan na Shatu, ta matar marigayi a ƙarshe. Kuma mai tatsa takan tsoma yatsu a kumfar madarar farko ta jiƙa kan nonon kowace saniya, wai albarkar ta farko ta bi sauran. Da Ta-Babura ta iso, ita ta hau gaban layi.

Safiyar farko Tasalla ta durƙusa, ta kama hantsar, sai ta tsaya. Ta sake latsawa. Ta tatsa kaɗan a tafin hannu ta duba, sannan ta miƙe ta je inda Lauwali ke zaune a kan buzu ta rusuna.

"Yaya, saniyar nan tana da ciwo a hantsa. Nonon baya na hagu akwai wani abu mai tauri a ciki, kuma madarar da gudaji-gudaji take fita."

"Ke kika je Babura ko ni?"

"Kai ne, Yaya."

"To saniya ce mai ƙarfin nono. Ba ki saba ganin irinta ba ne, kin saba da waccan 'yar guntuwar taki."

"Da dai an bar ta ƙarshe, in na gama da sauran sai in tatse ta. Ina tsoron kada hannuna ya kai wa 'yan'uwanta."

Inna Uwa tana bakin ɗakinta tana kaɗa man shanu, ta ajiye gora. "Me na ji? Saniyar Maigida a ƙarshe? A bayan taki ke nan? Lallai Tasalla, tuwon gidan nan ya karɓe ki."

Tasalla ta ce ba haka take nufi ba. Ba wanda ya tambaye ta abin da take nufi. Ta koma ta tatsi Ta-Babura, sannan ta je murhu ta ɗebo ruwan zafi ta cuɗa hannu da toka kafin ta taɓa ta biyu. Haka ta yi kafin ta uku. Inna na kallo, kafin a zo ta huɗu ta gaji da kallo.

"Wai shanunmu najasa ne da kike wanke hannu? Rana ta ɗaga, maruƙa na kuka, ke kin tsaya kina alwala tsakanin kowace saniya. Itacen da kike ƙonawa ubanki ne ya saro shi? Tsoma hannu ki tatsa yadda muka gada!"

Ta tsoma hannu ta tatsa yadda suka gada. Sai in an zo kan Gajera, lokacin da kowa ya watse ba mai kula da ita, sannan take zagawa bayan rumbu ta wanke hannu da ruwan zafi da toka, ta ɗauko ƙoƙonta daban, ta yi bisimilla ta tatsa. Iyakar laifin Tasalla ke nan, kuma na gan shi da idona safiya bayan safiya ta cikin danga.

Ba a yi sati uku ba ciwo ya bi layi yadda aka jera shanun. Ya kama shanun Inna, ya sauko kan na Shatu. Hantsa ta kumbura ta yi zafi, saniya ta riƙa harbin ɗanta in ya zo sha. Madara ta koma ruwa-ruwa, wata da tsilli-tsillin jini, wata da mugunya. In an kwantar da ita ba ta yin kindirmo, sai ta tsinke ta yi wari. Ƙoren gidan da ke cika fal suka koma rabi, daga rabi suka koma na ba kare.

Malam Lauwali mutum ne mai dalili, bai taɓa rasa shi ba. Ran farko ya ce ciyawar fadama ce. Da aka sauya wurin kiwo abin bai sauya ba, ya ce ƙuda ne. Daga baya ya ce maciji ne ke zuwa yana tsotsar shanun, har ya sa aka ƙone juji. Kowane abu a ƙasar Kazaure ya sha zargi, ban da farar saniyar da ke tsaye a gaban layi da dutse a hantsa. Ita ba a taɓa ta, domin in an taɓa ta an taɓa idon wanda ya zaɓo ta a gaban dillalan Babura.

Shatu ce ta ɓaro maganar, kuma ba na jin da mugunta ta yi, bakinta ne ba ya riƙe komai. Suna tsakar gida tana tankaɗe ta ce, "Ikon Allah, Gajera ce kaɗai ba abin da ya same ta. Ko don wanke hannun nan ne da Tasalla ke yi a bayan rumbu? Har da 'yan maganganu take yi ƙasa-ƙasa."

Inna Uwa ta daina taunar goro. Ta dubi ɗanta, ɗanta ya dube ta. Na ga fuskar Lauwali ta saki a karon farko cikin sati uku, fuskar mutumin da aka sauke wa kaya.

Aka kira Tasalla. Ta zo ta durƙusa.

"Me kike faɗa a bayan rumbu?" in ji Inna.

"Bisimilla nake yi, Inna."

"Bisimilla ce ta kwantar da shanu takwas ta bar ɗaya? Hannu ɗaya ke tatsar su duka. Na mutane sun lalace, taki tana ambaliya. Ki faɗa mana abin da kika shafa."

"Toka ce da ruwan zafi. Ai tun ran farko na ce..."

"Kin ce!" Lauwali ya katse ta. "Daidai. Tun ran farko kika ce ciwo zai bi su, ga shi ya bi su. Wa ya sanar da ke abin da bai faru ba?"

Ba a ambaci maita ba ranar, mutanen kirki ne ai. Cewa kawai aka yi tana da mugun hannu. Kafin la'asar maganar ta tsallake danga, kafin kasuwa ta ci ta riga Tasalla isa Roni. Ta sauke ƙwaryarta a inda ta saba, ta buɗe faifai, nono fari tas mai kauri, irin wanda da ake layi a kansa. Masu fura suka riƙa wucewa suna kallon gefe. Wata ta janye ɗanta da ya matso. Ni ma da nake saye a wurinta duk sati, ranar na wuce na saya a gaba. Na faɗa ne don kada a ɗauka ni ta Allah ce a labarin nan.

A kasuwar ne ta ga Malam Falalu, malamin dabbobi na hukumar En'e, wanda ke zuwa daga Kazaure a kan keke yana yi wa shanu allura. Yana zaune a gindin tsamiya da akwatinsa na katako. Tasalla ta daɗe tana tsaye nesa kafin ta yi ƙarfin hali ta matsa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta gama, ya yi mata tambayoyi biyu uku a kan wadda aka fara tatsa da wadda ciwon ya fara kamawa, ya ce gobe da sassafe kada a taɓa shanun sai ya zo.

Washegari da Malam Falalu ya jingine kekensa a ƙofar gida, Lauwali ya fito fuska a murtuke, a zatonsa ƙidayar jangali ce ta biyo shi har turke. Da ya ji wadda ta kira baƙon, ya juya ya yi wa Tasalla wani kallo, ya ce, "Asirin gidan ma kin kai kasuwa." Amma ba ya iya korar ma'aikacin En'e, sai ya shiga yi masa fara'ar dole.

Na manne da danga na ga aikin daga farko har ƙarshe. Malam Falalu ya sa aka kawo ruwan zafi ya wanke hannu da sabulu har gwiwa. Ya wanke hantsar Ta-Babura, ya goge kowane kan nono da auduga mai warin magani. Ya ɗauko wani baƙin faranti ya tatsa a kai, sai ga gudaji sun fito fili a kan baƙin, har da wani zare-zare mai yauƙi. Ya miƙa wa Lauwali ya gani. Lauwali ya ce ai kitse ne. Malamin ya ajiye farantin. Ya zaro wata 'yar takarda mai tabo huɗu rawaya, ya ɗiga madarar kowane nono a kan tabonsa. Uku suka juye kore, na bayan nan na hagu ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a baban rini.

"Lafiyayyar madara ba ta sauya launin nan sosai," in ji shi. "In ya juye haka, akwai ciwo a ciki. Amma takardar ba ta faɗin wane iri ne, sai an kai ɗakin gwaji."

Ya fito da ƙananan kwalabe da aka dafa aka toshe. Kowane nono da kwalbarsa, ya zubar da tatsar farko, ya tari ta biyu, ya toshe da sauri, ya rubuta sunan saniya da gefen da aka tatsa. Kafin ya taɓa saniya ta gaba sai ya sake wanke hannu. Sau tara ya wanke. Inna Uwa na zaune tana kallo, ba ta tambaye shi ko ubansa ne ya saro itacen ba.

"Malam, me za a yi da 'yan kwalaben nan?" Lauwali ya tambaya.

"Zan naɗe su a jiƙaƙƙen buhu in sa a mota zuwa Kano. A can za a shafa madarar a kan gilashi, a rina ta, a duba da madubin likita, wanda ke nuna ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Sannan a shuka ta a wani faranti mai abincinsu a ajiye a wuri mai ɗumi, kwana biyu su tsiro kamar fumfuna. Daga nan za a san irinsu, a san ko iri ɗaya ne a duk shanun."

"A shuka madara," in ji Lauwali, yana dariya yana duban mutanen da suka taru. "Bature da aiki."

Takardun shanu takwas duk suka juye, wasu kaɗan wasu da yawa. Aka zo kan Gajera. Madara ta sauka a baƙin faranti sumul, tabo huɗu suka tsaya yadda suke. Malam Falalu ya ɗaga takardar ya ce wannan lafiyarta ƙalau, ya tambayi yadda ake tatsar ta. Tasalla ta faɗa masa. Ya ce to abin da ya tsare ta ke nan. Ya ce wa Lauwali a ware farar saniyar, a riƙa tatsar ta ƙarshe a zubar da madarar a rami, a daina tsoma yatsu a kumfa, a wanke hannu tsakanin kowace saniya, shi kuma zai dawo da amsar Kano. Lauwali ya ce to, to, madalla, Allah ya saka, har ya raka shi bakin hanya.

Ƙurar keken ba ta kwanta ba ya dawo tsakar gida yana tafa hannu. "Kun gani ko? Har takardar Bature ta ba da shaida. Takwas sun kamu, tata ce kaɗai fes. Wane bayani kuma ake nema?"

Duk abin da malamin ya faɗa, wannan kaɗai ya shiga kunnensa. Ranar aka yanke hukunci biyu. Na farko, hannun Tasalla ba zai sake taɓa saniya ko ƙwaryar nono a gidan ba, tatsa ta koma kan Shatu, wadda ta fara kuka tun kafin a gama magana. Na biyu Inna Uwa ce ta kawo shi, ta ce haka aka yi a rugarsu can wajen Gwiwa tun tana yarinya. Abin da aka aiko wa shanu, mayar wa mai shi ake yi. In ba hannunta a ciki, ba abin da zai sami saniyarta. In da hannunta, abinta zai gane gida.

Washegari aka kwance Gajera daga turkenta aka ɗaure ta a ƙofar ɗakin Lauwali, aka yi mata dabaibayi. Shatu ta tatso nonon nan na hagu na Ta-Babura a ƙoƙo, abin da ya fito ba ya kama da madara, rawaya ne mai kauri. Inna ta karɓa ta tsuguna a ƙarƙashin Gajera. Tasalla ta fito da gudu daga madafa ta zube a gabanta.

"Inna, don Allah don Annabi. Ki dake ni, ki kore ni, amma kada ki sa mata wannan. Kin ji abin da malamin ya ce."

"In ba ki da laifi, tsoron me kike ji?"

"Ciwo ne, Inna, kama ta zai yi. Yaya, ka yi magana. Saniyar ƙanenka ce, ita kaɗai ya bar mini."

Lauwali yana tsaye yana sakace. "Ni ban san komai a harkar mata ba," in ji shi. "Inna ta girme mu duka."

Inna ta shafe kan nonon huɗu da abin da ke ƙoƙon. Bai ishe ta ba, ta karyo siririn karan ciyawa ta tsoma, ta zura a kowace ƙofar nono don abin ya shiga sosai. Gajera ta zabura tana kuka, dabaibayi ya hana ta motsi. Safiya uku a jere aka yi wannan. Da Tasalla ta lallaɓo da ruwan zafi a rana ta biyu don ta wanke mata, Lauwali ya shure ƙwaryar, ya ce wato za ta warware ne, to ai ta tona kanta.

Daga nan kwanakin Tasalla suka zama na kallo daga nesa. Tana daka tana kallon Gajera, tana wanke-wanke tana kallon Gajera. Ba nono, ba kasuwa, sabulunta ya ƙare. Aka ware mata ƙoƙon shan ruwa. Tuwonta a murfin tukunya ake zuba mata, a tura da ƙafa. A rana ta biyar hantsar Gajera ta kumbura har fata na ƙyalli, ɗan maraƙinta ya zo sha ta harbe shi. A ta shida ta daina cin ciyawa, tana tsaye kai a ƙasa jiki na ɓari. A ta bakwai ta kwanta.

Ka zo ka ga murna a gidan Malam Lauwali. Inna Uwa har guɗa ta so yi, ta tuna shekarunta. Ta aika aka kira maƙwabta, har da ni, mu zo mu ga ikon Allah. "Ga shi nan, abinta ya koma mata," take cewa kowa. Mutane suna jinjina kai suna salati. Ba wanda ya ce, to Inna, ko saniyar liman aka ɗura wa mugunya ai haka za ta yi. Na san amsar nan, tana bakina, na haɗiye ta na ce Allah ya kyauta. Su kuwa shanu takwas da aka ce za su warke in abin ya koma, suna nan yadda suke, biyu ma nonon ya ƙafe musu ɗungum. Lauwali ya ce ai sai a hankali, sammu ba ya fita rana ɗaya.

Na sami Tasalla a bakin rijiya da yamma, ba kowa kusa da ita, don yanzu in ta zo mata sukan ja baya. Ta rame, idanunta sun faɗa. Na ce mata ta yi haƙuri. Ta dube ni ta ce, "Ba abin da nake so sai a bar ni in riƙa ba Gajera ruwa. Ba ta sha a hannun Shatu." Na taya ta ɗora tulu.

A rana ta tara Malam Falalu ya dawo da hantsi, da takarda a aljihun rigarsa. Bai kai ga zama ba ya hango Gajera kwance a ƙofar ɗaki, ƙuda ya rufe ta. Ya ƙarasa ya tsuguna. Rabin hantsar ya yi baƙi, ya taɓa ya ji sanyi ƙalau, wani jan ruwa mai wari na ɗiga. Ya ɗago ya dubi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba ita ce na bari lafiya ba? Me kuka yi mata?"

Shatu ce ta amsa, da bakin nan nata. Ta faɗa masa duka, har da karan ciyawa.

Malam Falalu ya miƙe tsaye. Sannan ya zaro takardar ya karanta da ƙarfi yadda har mu na bayan danga muka ji. Ƙwayar cuta iri ɗaya ce aka samu a shanu takwas. A kwalbar nonon hagu na farar saniya ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kwalabe huɗu na Gajera an shuka su, ba abin da ya tsiro. Ya ninke takardar ya ce taurin da ya taɓa a hantsar Ta-Babura tsohon ciwo ne, ya yi watanni, da shi aka sayo ta.

"Malam Lauwali, cutar nan kai ka jawo ta da igiya daga Babura. Yatsun da ake tsomawa a kumfa su suka raba ta. Matar nan ita kaɗai ta yi daidai a gidan nan, kuma da an ji maganarta ran farko da saniya ɗaya ce ke ciwo."

Ka ce Lauwali zai sunkuyar da kai? Ba ka san shi ba. Ya gyara hula ya ce, "To Malam, ai duk ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Kuma shi madubin nan naku, ƙwari yake gani, ba ya ganin wanda ya aiko su."

"Mu ma ai mun yi asara," in ji Inna. "Ita ɗaya ta rasa, mu takwas. Wa ya kamata a yi wa jaje?"

Tasalla ba ta ji su ba ma. Ta riga ta tsallake dokar, tana durƙushe ta ɗora kan Gajera a cinyarta tana kore mata ƙuda. "Malam, akwai allura?" ta tambaya.

Ya ce da an kira shi kwana huɗu da suka wuce, da wataƙila. Yanzu naman ya mutu, dafin ya shiga jini, ba za ta kai gobe ba. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce in za a yanka a yanka yanzu, a cire hantsar duka a binne ta da zurfi. Ya sake cewa a ware Ta-Babura. Lauwali ya ce za a duba. Malamin ya hau kekensa bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

A nan ne Malam Lauwali ya nuna kuzarin da ba a taɓa gani a jikinsa ba. Kada dukiya ta yi mushe, in ji shi, haramun ne. Da kansa ya wasa wuƙa. Aka janye Tasalla daga jikin saniyar, ba a tambaye ta ba, ba a ce mata sannu ba. Kafin azahar Gajera ta zama tsibi-tsibi a kan ganye, Lauwali na tsaye a kai yana nuna wannan na liman, wannan na mai unguwa, wannan na surukansa, ana ta yi masa godiya ana cewa Allah ya ƙara arziki.

Saura girki. Shatu ta ce bayanta ya riƙe saboda tatsa. Inna Uwa ta leƙa ɗakin da Tasalla ke zaune fuska ga bango.

"Ke, taso ki ɗora tukunya. Nama ba ya jira."

Tasalla ta juyo. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare tun kwana uku. Ta miƙa hannuwanta biyu gaba, ta buɗe tafin.

"Da wannan hannun, Inna?"

"Ai nama ba nono ba ne," in ji tsohuwar. "Yi maza, ki sa daddawa da yawa, Maigida yana so."

Ta tashi ta ɗora. Kwana uku ana cin nama a gidan, ba wanda ya ware ƙoƙo, ba wanda ya ji tsoron hannun da ya dafa, har ƙari ake nema. Mu ma an aiko mana da namu a akushi, Tasalla ce ta miƙo shi ta saman danga, ta ce in ji Inna. Na karɓa na ce an gode. Mun ci.